Rediyon Ummi: yadda 'yarmu ta fara ji ta ƙashin kai

Ummi ta zo duniya a watan Disamba na 2018, sanyin Jos yana kan ganiyarsa, saboda haka babu wanda ya yi mamakin ganin jaririya da hular ulu dare da rana. Ni da babanta kaɗai muka san abin da ke ƙarƙashin hular. Tun a ɗakin haihuwa ungozoma ta juya kanta ta nuna min. A inda kunne ya kamata ya kasance, ɗan nama ne a dunƙule kamar ƙwansar gyaɗa, dama da hagu, kuma babu rami ko kaɗan, fata ce a shafe sumul.

Ana gobe suna Gwaggo ta zo da allura da zare za ta yi mata hudar kunne, kamar yadda ta yi wa duk 'yan matan gidan. Kafin in buɗe baki ta zare hular. Ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar da hular a hankali ta ce, "Allah ya raya ta. Wanda ya yi ta bai manta da ita ba." Daga nan magana ta fita. Wasu suka ce wani abu na kalla ina da ciki, wasu suka ce iska ce, wani dattijo a unguwarmu ya ce akwai wanzamin da zai iya buɗe ramin. Surukata Hajiya, wadda aka sa wa yarinyar sunanta, ita ce ta tsaya kai da fata ta ce babu mai taɓa mata takwara da aska. Daga baya na gane girman abin da ta hana. A yaran da aka haifa haka, jijiyar da ke motsa fuska ba lallai ta bi hanyar da ta saba ba, kuma in aka yanke ta fuska na iya karkacewa har abada.

Likitan farko da muka gani ya leƙa, ya ce mu bari ta girma, daga baya a yi mata aiki. Bai ce a gwada jinta ba, mu ma ba mu san a tambaya ba. Kuma Ummi tana firgita in an buga ƙofa, tana juyawa in ana daka a tsakar gida, sai muka kwantar da hankalinmu cewa ai tana ji. Shekara guda muka yi a haka. Wannan shekarar ce har yau take ci mini rai, domin babu abin da muka yi a cikinta sai jira da sa hula.

Wata maƙwabciyarmu da ta karanta ilimin yara masu buƙata ta musamman a Jami'ar Jos ce ta farkar da ni. Ta shigo wata rana Ummi na zaune a tabarma ta ba mu baya, sai ta kira sunanta da murya irin ta hira. Shiru. Ta sake kira. Shiru. Sai da ta tafa hannu da ƙarfi yarinyar ta waiwayo.

"Maman Ummi, jin ƙara daban, jin magana daban," in ji ta. Ta gaya min ƙa'idar da masu wannan fanni suke bi: a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Ummi a lokacin tana da wata 13. Ta ce ko dai mu je Kaduna, inda Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa take, ko kuma Abuja. Muka zaɓi Abuja saboda ƙanin maigidana yana zaune a Kubwa, muna da wurin sauka.

Muka kama hanya da asuba, ta Hawan Kibo da Akwanga da Keffi. An gaya mana kada mu bar ta ta yi barci a mota, domin gwajin sai yaro na barci ake yinsa, saboda haka awa huɗu da wani abu ina fama da ita tana kuka ina girgiza ta. A asibitin aka manna mata wasu 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne, aka haɗa da kwamfuta. Mai gwajin, wata mata mai sanyin murya, ta fara tura sauti ta waje, ta abin sawa a kunne. Sai da sautin ya kai wajen desibel 60 a ma'aunin ƙarfin sauti sannan layukan da ke allon suka motsa. Daga nan ta ɗauko wani ɗan ƙaramin abu mai tsuma ta danna shi a kan ƙashin bayan kunnen. Nan da nan layukan suka tashi, a sautin da bai fi raɗa ba.

Ta juyo ta ce, "Hajiya, kunnen 'yarki na ciki lafiyarsa ƙalau. Hanya ce ba a buɗe ba."

Ta zana min a takarda. Sauti yana shiga ta rami, ya bugi dodon kunne, ya bi ta wasu ƙananan ƙasusuwa guda 3, ya isa wani abu da ya naɗe kamar katantanwa can cikin ƙashi. Wannan katantanwar ce take mayar da shi saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ummi ba ta da rami, amma katantanwarta biyu suna nan lafiya. Hirar mutane ta yau da kullum wajen desibel 60 ɗin nan take, wato duk maganar da muka shekara muna yi mata a bakin iyakar jinta take tsayawa. Amma akwai wata hanyar. Ƙoƙon kai da kansa yana ɗaukar sauti. Shi ya sa mutum in ya ji muryarsa da aka naɗa a waya sai ya ga kamar ba tasa ba, domin ya saba jin ta ta cikin ƙashin kansa.

Don in gane da kyau, ta ce in toshe kunnuwana biyu da yatsu. Ta ɗora wata 'yar na'ura da ba ta kai kwalin ashana ba a goshina, ta yi magana a hankali. Na ji muryarta tsakiyar kaina, tas, kunnuwana a toshe. A wurin na fashe da kuka.

Ta kuma bambance min wannan da dashen da ake yi wa wanda katantanwarsa ce ta lalace, wanda ake zura waya har cikinta. Namu bai kai can ba. Na'ura ce da take ɗaukar sauti, ta mayar da shi tsuma, ta zuba shi a ƙashi. Manya da yaran da suka kai shekara 5 ana dasa musu 'yar ƙusa ta ƙarfen taitaniyam a ƙashin bayan kunne, na'urar ta riƙa maƙalewa a kai. Ƙashin ƙaramin yaro bai yi kaurin da zai riƙe ƙusa ba, ana son ya kai wajen milimita 3, saboda haka kafin lokacin sai a ɗaura na'urar da wani maɗauri mai roba da ke zagaye kai. Ba sai an jira tiyata ba, ko jariri ɗan watanni ana sa masa. Wannan ita ce maganar da na so a ce wani ya gaya min ranar da aka sallame mu daga asibitin haihuwa.

Aka kuma tura mu hoton ƙoda, domin yaran da aka haifa da irin wannan kunne akan duba musu ƙoda ma. Alhamdu lillahi babu komai. A nan na ji cewa galibi gefe ɗaya abin yake kamawa, kuma an fi ganinsa a yara maza. Ummi kuwa gefe biyun ya kama.

Sai maganar kuɗi. Kamfanonin da ke yin na'urar duk na waje ne: Cochlear mai yin Baha, Oticon Medical mai yin Ponto, da MED-EL na ƙasar Ostiriya, wanda yake da wata irin da ake mannawa a fata. Farashi kuwa da dala ake faɗinsa. An ba mu shawarar guda biyu, ɗaya kowane gefe, amma ƙarfinmu guda ɗaya ya kai, shi ma sai da na sayar da gwal ɗina na aure, maigida ya kwashi adashinsa na kasuwar Katako, 'yan uwa suka haɗa sauran. Mai gwajin ta kwantar mana da hankali cewa guda ɗaya ma yana kai sauti katantanwa biyun, tunda ƙashin kai ɗaya ne.

A watan Fabrairu na 2020 aka ɗaura mata. Na ga hotunan bidiyo a Facebook inda yaro yake murmushi da zarar an kunna masa, na sa rai da haka. Ummi ta yi tsit, idanunta suka firfito, babanta ya ce "Ummina", sai ta tsala ihu ta fizge maɗaurin ta yar. Aka mayar, ta sake fizgewa. Mai gwajin ta ce haka yawancinsu suke yi, duniya ce ta yi mata ƙara lokaci guda. Ta ce mu fara da 'yan mintuna a ɗaki shiru, a lokacin da take cikin nishaɗi, mu riƙa ƙarawa har ya zama tana sanye da shi duk lokacin da idonta biyu.

Mako uku muka yi muna wannan kokawa. Abin da ya yi min aiki shi ne lokacin cin abinci, hannuwanta biyu suna cikin kwano. In na ɗaura sai in miƙa mata dankalin da take so, kafin ta gama ta manta da shi.

Akwai abubuwan da babu takardar kamfani da ta faɗa, sai da na koya da kaina. Na farko goyo. In na goya ta, na'urar da ke bayan kunne sai ta gogi zani ta kama wani fito mai tsinin gaske, domin duk abin da ya taɓa jikinta sai ta yi wannan kukan. Sai na gane in zan yi goyo in juya maɗaurin na'urar ta dawo gefen goshi. Ko'ina a ƙoƙon kai tana aiki. Haka nake yi in za ta kwanta a cinyata. Na biyu ɗauri. In ya yi sako-sako sauti ba ya shiga, in ya matse sai ya bar shaida ja a fata. Ma'aunin da aka ba ni shi ne yatsana ɗaya ya iya shiga tsakanin maɗauri da kanta, kuma in riƙa ɗan matsar da wurin a cikin yini. Akwai wani siririn zare mai maƙali da ake kama na'urar da shi a wuyan riga. Ranar da na manta da shi, a cikin kwandon wanke-wanke muka tsinto ta, Allah ya taimaka babu ruwa a ciki.

Batirinta ɗan mitsitsi ne kamar maɓallin riga, yana yin kamar mako guda. Akwai 'yar takarda manne a bayansa, in an ɓare sai a jira kamar minti ɗaya iska ta shige shi kafin a sa. Ina ajiye su a cikin akwati mai makulli, domin yaro in ya haɗiye batir maganar asibiti ce ta gaggawa. Da daddare kuma na'urar tana kwana a cikin wani ɗan gwangwani mai tsotse danshi, musamman da damina, lokacin da Jos take yini cikin yayyafi da hazo.

Ba mu yi wata biyu da farawa ba aka shiga kullen korona, aka hana tafiya tsakanin jihohi. Komawar da za mu yi Abuja a sake saita na'urar ta faskara, batir ya kusa ƙare mana, sai da wani direban motar kayan gwari ya taho mana da kwali biyu daga Abuja. Amma kullen ya zo mana da wani alheri: babanta yana gida, yayyenta biyu suna gida, kowa yana yi mata magana. Maƙwabciyarmu ta koya min gwajin da nake yi kowace safiya. In tsaya a bayanta inda ba ta ganin bakina, in furta sautuka 6 ɗaya bayan ɗaya: aa, uu, ii, mm, sh, s. In ta ji sai ta jefa dutse a gwangwani. Huɗun farko ba ta kuskure su. Sh wani lokaci. S kuwa sai na matso dab da ita.

Ta ce min kuma in daina yin aiki shiru. Duk abin da nake yi in faɗe shi. "Ga ruwa. Ina zuba ruwa a buta. Ruwan da sanyi." Haka na yini ina yi, wata da watanni. Abin da na lura da shi shi ne Ummi ta fara kama karin magana kafin baƙaƙenta. Tana iya rera hawa da saukar "sannu da zuwa" daidai, amma kalmomin a dunƙule. Kalmarta ta farko da kowa ya yarda kalma ce, tana da wata 19, ita ce "Baba". Yayyenta ne suka raɗa wa na'urar suna rediyon Ummi, sunan ya bi ta, har ita ma da ta fara magana, in ta tashi da safe sai ta nuna kanta ta ce "diyo".

Da ta isa shiga Islamiyya sai hijabi ya zama matsala, yana danne na'urar tana fito, yara suna waiwaye. Na kai wa tela, muka yi shawara, ya ɗinka mata mai faɗi daga sama da 'yar kafa a gefen dama wadda na'urar take leƙowa ta ciki. Na je na sami malaminsu na ce, "Malam, don Allah a sa ta a sahun gaba, ta gefen da rediyon yake fuskantarka, kuma in za ka yi mata magana ka bari ta ga fuskarka." Ya karɓa hannu biyu. Sai dai karatun allo kowa da murya sama yake yinsa, kuma a cikin hayaniya na'urar duk ƙarar take kwasowa. Sin da shin da sad duk abu ɗaya ne a wurinta. A gida ma shayi "ayi" ne, sabulu "abulu". Mai gwajin ta bayyana min dalili: fata da gashi suna cinye wani ɓangare na sautin kafin ya kai ƙashi, kuma siraran sautuka irin su s da sh su suka fi shan wahala. Maganin wannan shi ne dashen.

Ta cika shekara 5 a ƙarshen 2023, shekarar da darajar Naira ta faɗi, kuɗin da muka daɗe muna tarawa ya koma bai kai ko'ina ba. Sai da muka sayar da filin da muke da shi a hanyar Bauchi. Aka yi mata hoton ƙashin kai na siti-sikan, likitan tiyata ya auna kaurin ƙashin ya ce ya isa. Shi ne ya ba mu labarin asalin abin, cewa wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano ƙashi yana kama taitaniyam ya haɗe da shi kamar jiki ɗaya, kuma a 1977 aka fara dasa wa mutum irin wannan ƙusa don ji, a birnin Gotenbag. Hajiya da ta ji shekarun sai hankalinta ya kwanta, ta ce ashe ba a kan takwararta za a fara gwadawa ba.

Aka ba mu zaɓi biyu. Ko dai ɗan turke da zai fito ta fata a riƙa maƙala na'urar a kai, ko kuma mayen ƙarfe da za a binne a ƙarƙashin fata, na'urar ta manne daga waje. Na biyun ya fi rufin asiri, kuma babu wurin da zai riƙa neman wanki kullum, amma har yanzu sauti sai ya ratsa fata. Mun kwana biyu muna juya maganar. Ni na fi karkata ga mayen ƙarfen saboda ƙurar hunturu da tsoron ciwo. Babanta ya ce, "Maman Ummi, ai saboda s ɗin nan muka sayar da fili." Muka ɗauki turken.

Aikin kashi biyu aka yi shi, kamar yadda aka fi yi wa yara. A na farko aka yi mata allurar barci, aka aske ɗan wuri a bayan kunnen dama, aka dasa ƙusa biyu, ɗaya ta aiki ɗaya ta ajiya ko da ta farkon za ta ƙi kamawa, aka rufe fata a kansu. Likitan ya matsar da wurin can baya da gangan, don ya bar fili ko da wata rana za a gina mata kunnen waje da guringuntsin haƙarƙarinta, aikin da sai yaro ya kai wajen shekara 8 zuwa 10 ake yi. Saboda wannan ma ya ce kada a huda ɗan naman da take da shi, za a buƙace shi. Muka dawo Jos muka jira wata 5 ƙashi ya kama ƙarfe. A wannan lokacin ta ci gaba da sa maɗaurin, amma ta gefen hagu, kuma na hana ta lilo da tsalle-tsalle, abin da ya fi komai wuya. A aiki na biyu aka buɗe fata aka ɗaura turken, aka rufe shi da wani farin marfi na roba har wurin ya warke.

Bayan 'yan makonni muka koma aka sake saita na'urar tata ta dā a kwamfuta, domin yanzu ba ta buƙatar ƙarfi kamar lokacin maɗauri. Mai gwajin ta koya wa Ummi yadda za ta karkata ta kaɗan ta danna har ta ji ƙas. Ta yi da kanta a karo na uku. Sai matar ta koma bayanta, ta yi nisa har bakin ƙofa, ta ce "sss" a hankali. Ummi ta ɗaga hannu ba tare da ta waiwaya ba.

A hanyar dawowa ba ta yi barci ba. Washegari da safe ina shara a tsakar gida, ta fito ta tsaya tana kallon tsintsiya. Ta ce, "Mama, dama tana magana?"

Baƙaƙen ba su gyaru a rana ɗaya ba. Bakinta ya shekara huɗu yana faɗin "ayi", sai da muka yi watanni muna zama gaban madubi ni da ita, tana kallon haƙorana tana kwaikwayo. Yanzu tana faɗin shayi da sabulu daidai, Malam ya ce sin da shin sun rabu, sad ce ta rage.

Kula da turken aikin kowane dare ne. Bayan wanka ina goge kewayensa da tsumma mai laushi da wani ɗan buroshi da aka ba mu, in cire duk ɓawon da ya taru. Sau ɗaya, a hunturun bara, wurin ya yi ja ya fara kumburi kamar fata za ta hau kan turken. Na ɗauki hoto na tura wa likitan, ya rubuta man shafawa, cikin mako guda ya sauka. Mai kitsonta ta san wurin, tana barin fili kamar faɗin kwabo, ba ta jan gashin da ke kusa, kuma ba a shafa man kitso a nan. In za ta yi wanka ko barci tana cire rediyon da kanta ta sa a gwangwaninsa.

Gefen hagu har yanzu babu komai a kai. Da na'ura ɗaya tana jin sauti amma ba ta iya gane ta inda ya fito. In na kira ta daga kicin sai ta juya ko'ina tana nemana, in keke ya yi oda a bayanta ba ta sanin ta wane ɓangare zai wuce. Saboda haka har yau ba ta tsallaka titi ita kaɗai, yayanta ne yake riƙe hannunta zuwa makaranta da dawowa. Mun sake shiga adashi saboda na biyun, kwasarmu sai bayan babbar Sallah.